Wane wata ya dace a shimfiɗa leda ko roba a ɗaki a ƙasar Tama

Duk wanda zai shimfiɗa leda ko roba a ɗaki a Tama, ko Buza, ko Keita, har zuwa Madawa, kalanda biyu ce a gabansa, kuma ba sa jituwa. Ɗaya ta aljihu ce. Kuɗin albasa na shigowa wajajen Maris da Afrilu, 'yan ci-rani na dawowa daga Abijan ko Legas ko Libiya gab da shuka, salloli biyu a shekarun nan suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, ga kuma bikin da aka riga aka sa wa rana. Ɗayar ta siminti ce da gam da ita kanta robar, waɗanda ba ruwansu da ranar ɗaurin aure. Yawancin ledar da ka ga ta kumbura a tsakiyar ɗaki, ko ta buɗe baki a mahaɗa, ko tana tsami in an ɗaga gefenta, ba laifin mai shago ba ne. An shimfiɗa ta ne a watan da bai dace ba, ko a kan daɓen da bai gama shan iska ba.

Kayan iri uku ne. Akwai ledar ɗaki mara kauri mai zane, wadda ake yankowa daga nadi a kasuwar Madawa, ko Ƙonni, ko Illela, ita ce ta ɗakin amarya, kuma galibi ba a sa mata gam. Akwai mai kauri, ko ta nadi ko ta falle-falle, wadda ake mannewa da gam a asibiti, da shagon magani, da ofis. Sai baƙar roba ta tsofaffin tayoyi da aka niƙa aka matse, wadda ake sa wa wurin motsa jiki da filin wasan yara. Dukansu suna miƙewa in sun ji zafi, su tsuke in sun ji sanyi, iri biyun farko kuma ba sa barin ruwa ya ratsa su. Wannan na ƙarshe shi ne amfaninsu, shi ne kuma illarsu, domin ruwan da ya taso daga ƙarƙashi ma ba ya samun hanyar fita.

Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya galibi suna rubuta cewa a shimfiɗa su a ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 18 zuwa 29, bayan an bar kayan sun kwana a ɗakin sa'a 24 zuwa 48. A nan, rana a Afrilu da Mayu tana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka. Asubahin Disamba da Janairu yana sauka wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Ke nan ƙa'idar ba ta cika da kanta sai a 'yan watanni, a cikin watannin ma sai a 'yan sa'o'i.

Aikin a Agusta yake farawa

Wanda ya gwada daɓensa a Fabrairu ya ga ya bushe ƙayau, bai san kome ba tukuna. A Fabrairu kowane daɓe busasshe ne. Abin tambaya shi ne halinsa a tsakiyar marka, lokacin da ƙasa ta ƙoshi. Ruwan shekara a wannan yanki bai da yawa, tsakanin milimita 300 zuwa 500 ne gwargwadon wuri da shekara, amma kusan dukansa yana zuba ne cikin wata uku, Agusta ne kan gaba, kuma duwatsun Adar ba sa riƙe shi. Gangarowa yake yi ya taru a kwari. Gidan da ke kan fako da gidan da ke bakin kwarin Majiya, ko da tafiyar minti goma ce tsakaninsu, daɓensu ba ɗaya ba ne. Baƙar laka ta kwari tana riƙe danshi har bayan girbi. Madatsai da jerin duwatsu da aka yi ta ginawa tun daga 1984 ƙarƙashin aikin raya karkara na Keita, an yi su ne don ruwa ya tsaya ya nitse. Alheri ne ga mai rijiyar lambu. Mai gini a kusa da su kuwa sai ya sa abin a lissafi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka sami farar leda mai kauri, kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, ka shimfiɗa a kan daɓen, ka liƙe gefunanta huɗu da salatef yadda iska ba za ta shiga ba. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu: tsakiyar ɗaki, lungun da ke jikin makewayi, gindin bangon gabas da ruwan sama ke duka, da inda randa ke zama. Ƙa'idar da aka rubuta wa wannan gwaji a Amurka ta ce a bar ledar aƙalla sa'a 16. Ni na fi son kwana biyu ko uku. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu fiye da na kewaye, magana ta ƙare: wannan daɓe ba na gam ba ne, sai an yi masa magani. In ba ka ga kome ba, alama ce mai kyau amma ba rantsuwa ba, sai ka haɗa da abin da uwargida ta sani. Ita ce za ta gaya maka ko tabarma tana yin fumfuna da damina, ko gindin buhun hatsi yana yin sanyi, ko wani farin gari mai kama da gishiri yana fitowa a ƙasan bango. Shaidarta ta shekara biyar ta fi gwajin kwana uku.

Dalilin tsananta wa danshi shi ne ba ruwa ne zalla yake tasowa ba. Yana ratsa siminti ya kwaso kaifinsa, irin kaifin da ke cinye hannun lebura, ya kai shi ga gam. Gam ya yi laushi, ya koma ruwa-ruwa mai wari, leda ta saki. In hakan ta faru ba a gyarawa da ƙarin gam. Sai an ɓamɓare duka.

Daɓen ƙasa, ko da an yi shi da makuba ya yi sulɓi, ba a sa masa gam ko kaɗan. A shimfiɗa leda a sake, a riƙa ɗaga ta da damina duk mako ko biyu a bar ƙasa ta sha iska. Gara tana son duhu da laima, ƙarƙashin ledar da ba a ɗagawa kuwa ta sami duka biyu. Kunama ma haka.

In sabon daɓe za a zuba

Nan ne ake yawan asara, don haka bari in tsaya a kai. Kafin kankare ya sauka, a jera tsakuwa, abin da Allah Ya hore wa ƙasar nan, a bi ta da yashi a daddale, sannan a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da taƙi guda ko fiye, a tanƙwaso gefenta ya hau bango. Magina da dama suna tsallake wannan, suna cewa ƙasarmu busasshiya ce. Ga mai sa tayil, wataƙila ya sha. Ga mai sa roba, wannan baƙar leda ita ce rabin aikin, kuma kuɗinta bai kai na buhunan siminti kaɗan ba.

Ko simintin Malbaza ne, ko wanda ya tsallako daga Sakkwato, halinsa ɗaya: yana bukatar ruwa kafin ya yi ƙarfi. A ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, a rufe shi da buhuna ko jiƙaƙƙen yashi. Da hunturu iska tana bushewa har laimarta ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma kankaren da aka bari a buɗe a irin wannan iska fuskarsa tana ƙonewa kafin ta nuna. Daga baya sai ka ga tana zubar da gari in an share ta. Gam ba ya kama gari. Ka goga baƙin ƙyalle a kan daɓen, ka karce shi da ƙusa. In ƙyallen ya yi fari, ko ƙusa ta yi rami ba wahala, sai an kankare fuskar an sake mata shafe.

Sai kuskuren kwana 28. Kowane magini ya san kankare yana cika ƙarfinsa a kwana 28, mutane kuma suka ɗauka ranar ce ya bushe. Ƙarfi daban, bushewa daban. Lissafin da maginan Ingila ke yi wa shafe mara kauri sosai shi ne milimita ɗaya a kowace rana, wato shafe mai santimita 5 yana neman mako bakwai zuwa wata biyu, mai kauri fiye da haka kuma lissafinsa ya zarce hakan nesa. Iskarmu ta rani ta fi tasu jan ruwa, tana rage kwanakin, amma tana kuma yaudara, domin sama take busarwa ta bar ciki. Ƙidaya tana farawa daga ranar ba-ruwa ta ƙarshe, bayan an rufa ɗaki. In an yi yaɓen bango bayan haka an jiƙa ƙasa, a sake ƙidaya. Duk yadda aka ƙirga, gwajin farar leda ne zai yanke hukunci.

Saboda haka mai sabon gini ya zuba daɓe a Oktoba da zarar ruwa ya ɗauke, ya ba shi ruwansa, ya bar ƙofa da taga a buɗe duk Nuwamba, ya shimfiɗa robarsa daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya zuba a Yuni da kuɗin ci-rani, ya haƙura da tabarma har kaka. Kankaren zai yi kyau, don damina tana yi wa siminti daɗi, amma ba zai bushe ba sai iska ta juya.

Abu biyu kuma a hana magini tun da wuri. Kada ya barbaɗa zallar siminti ya goge daɓen har ya yi ƙyalli, don gam mai ruwa yana son fuskar da za ta tsotse shi. In an riga an yi, sai a bi da takardar yashi. Kada kuma a zuba baƙin mai ko kananzir don korar gara. Mai yana hana gam kamawa, yana kuma kumbura roba.

Nuwamba, da hantsin Fabrairu

Ga tsohon daɓe da ya ci gwajin Agusta, ban san lokacin da ya fi Nuwamba ba. Zafin agazari ya karye, sanyi bai kankama ba, ƙura ba ta yi yawa ba, laima ta tafi. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Ɗaki a nan yana yawo ne tsakanin sanyin Janairu da ƙunar Mayu, tazarar da ta kai digiri 25 ko fiye. Robar da aka yanka daidai bango a safiyar Janairu za ta miƙe a Mayu, ta rasa wurin zuwa, ta tashi tsaye a tsakiya. Wadda aka yanka da azahar a Mayu, tana laushi har ana jan ta tana biyowa, za ta tsuke a Janairu ta bar rata a mahaɗa, datti da ruwan mofa su sami ƙofa. Wadda aka yanka a tsaka-tsaki, rabin tafiyar kawai za ta yi ta kowane gefe. Nuwamba tsaka-tsaki ne. Fabrairu ma haka, daga hantsi zuwa kafin azahar.

Ko a watan da ya dace, kada a sauke nadi daga mota a fara yanka. Kayan da ya taho a saman mota daga Ƙonni cikin rana ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. A shigar da shi ɗakin da za a yi aikin, a warware, a yanka shi da rarar yatsa uku a kowane gefe, a bar shi kwance kwana ɗaya ko biyu ya sake jiki. Gam ma ya kwana a ɗakin. Wanda ya ɗauko leda a kan babur, ya naɗe ta, kada ya ninke ta, kada kuma ya ɗora mata buhu. Karin da ninki ya yi wa leda mai arha ba ya fita.

Sai a yi yankan ƙarshe. Ledar da ba a sa wa gam, da robar falle-falle mai haƙora da ke shiga juna, a bar musu rata da bango kamar milimita 5, a ƙara kaɗan in da sanyi ake aikin, a rage in da zafi ne.

Hunturu da ƙurarsa

Disamba da Janairu suna da kyau ga daɓe, amma suna da sharaɗi biyu. Na farko sanyin safe. Leda tana sandarewa, in aka tilasta mata warwarewa da asuba tana iya tsagewa, gam kuma yana yin kauri ya ƙi bin cokali. A jira rana ta ɗaga, ƙarfe goma ko sha ɗaya. In ledar ta yi taurin kai, a fitar da ita rana minti kaɗan ta yi laushi, a mayar da ita ɗaki ta huce kafin wuƙa ta taɓa ta.

Na biyu ƙura. Wanda ya ga layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 ya san irin iskar da aka yi su dominta. Tana tasowa daga gabas maso arewa, kuma ƙurarta tana shiga ɗakin da aka kulle. In ta sauka a kan gam da aka shafa, ta kashe shi. Don haka a zaɓi ranar da babu hazo. A share, a jira ƙurar shara ta kwanta, a goge da tsumman da aka matse sosai, a bari ya bushe, sannan a buɗe gwangwani.

Nan akwai tsaka mai wuya. Ƙura tana cewa a rufe taga, gam mai warin fetur, ɗan'uwan wanda masu gyaran takalma ke amfani da shi, yana cewa a buɗe. A rufe tagogin gabas da arewa, a buɗe na yamma da kudu, a rataya jiƙaƙƙen zane a bakin ƙofa. Kada a taɓa kulle ɗaki gaba ɗaya ana aiki da shi, yana juya kai. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma yana kama wuta daga nesa. Wannan lokacin sanyi ne, lokacin da ake shiga ɗaki da kaskon garwashi. Ba kasko, ba taba, ba kyandir, ba turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa, a ɗakin da maƙwabcinsa, har sai wari ya fita. Mai shayi ma ya koma ƙofar gida.

Busasshiyar iska tana gaggauta gam. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani na minti 20 ko 30 na jira, a nan yana iya zama rabi. Gam mai ruwa sai ya yi yana a sama kamar kunun da aka bari a buɗe, ka ɗora leda ka ɗauka ta kama, alhali yanar ta raba su. A shafa kaɗan-kaɗan, abin da za a iya rufewa nan take. A riƙa ɗaga gefen ledar ana dubawa: in gam ya bi bayanta ko'ina, daidai ne. In bayan ya fito fes, an makara, a kankare a sake.

In dole ta sa sai da bazara

Bazara ce mafi munin lokaci, ita ce kuma lokacin da kuɗi ke hannu. Mai kaya zai ce maka a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Sayen kayan ba laifi, a saya a jingine nadin a tsaye cikin inuwa. Shimfiɗawar ce abin tsoro. In babu makawa, a gama shara da awo tun jiya, a fara bayan sallar asuba, a tsaya kafin ƙarfe tara ko goma. Ɗakin soro yana ba da 'yar sa'a ƙari, ɗakin kwano ba ya bayarwa. A toshe tagar da rana ke shigowa, domin wurin da hasken ya sauka shi kaɗai zai kumbura kafin gam ya riƙe. Gwangwanin gam ya zauna kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. Gam mai haɗi biyu, irin wanda ake dama wa roba mai kauri, lokacin aikinsa yana raguwa kusan rabi duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, saboda haka a dama kaɗan. Kada mai aiki ya ja leda don ta kai bango. Za ta kai yau, ta koma gidanta a Disamba. Daga tsakiyar Mayu kuma a riƙa duban gabas: hadarin farko da jar ƙura yake zuwa, kuma minti biyar sun ishe shi ya cika ɗakin da aka shafe da gam.

Da damina maganar gajera ce. Sabon daɓe, a'a. Tsoho da ya ci gwaji a wannan makon, ana iya yi a ranar da gari ya washe, sai dai gam mai ruwa zai yi nawa ƙwarai, mai warin fetur kuma yana iya yin gumi: tashin tururinsa yana sanyaya fuskarsa, laimar iska ta kwanta a kai, ya dusashe ya yi fari-fari. In ka ga haka kada ka haɗa, ka jira ya washe.

Robar waje, ta filin wasa ko baranda, tana da nata. Da Oktoba raɓa tana kwana a kan siminti, sai ta tashi tukuna. Irin wadda ake dama barbashin taya da gam a zuba, gam ɗinta da laimar iska yake daskarewa, don haka hunturu yana jinkirta shi, ruwan sama kuma kafin ya kama yana sa shi kumfa. Baƙar roba a ranar Afrilu tana ƙona tafin ƙafar yaro. In ba a tanadi rumfa ko inuwar itace ba, gara a bar yashi.

Bayan an shimfiɗa, a danne daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Masu sana'ar suna da abin birgima na ƙarfe mai nauyin kilo 45 ko kusa. In babu, katako da aka naɗe da bargo, mutum ya bi da nauyin jikinsa taƙi bayan taƙi, sai a jera buhunan yashi a kan mahaɗa su kwana. Kada a taka sai bayan kwana guda, kada a shigo da gado da kabad sai bayan biyu ko uku, ruwan wanki kuma ya jira kamar mako. A ɗaga kaya a ajiye, kada a ja.

Wannan ne ke karo da 'yan jere, waɗanda ke zuwa ana gobe kai amarya, da gado da kwanuka da leda duk a mota ɗaya, ɗakin kuma wataƙila makon jiya aka yi masa daɓe. Ba mai iya ce wa gwaggon amarya ta dawo bayan wata biyu. Hanyar da ta rage ita ce a shimfiɗa ledar a sake ba gam, a bar rata a bango, a sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafafun gado don kada su huda ta. Bayan kwana bakwai, in baƙi sun watse, a riƙa naɗe rabinta da rana daɓen ya yi numfashi, yau wannan gefe, gobe wancan. Gam, in ana sonsa, ya jira Nuwamba, bayan an ga abin da Agusta ya yi wa ɗakin.